Zauren Kwamfuta: Na danna Ctrl+C, firogiram ɗina ya yi kunnen uwar shegu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonni huɗu na ware, duk daga nan cikin Legas, kuma abin da ya sa na haɗa su wuri ɗaya shi ne duk kalma ɗaya suke kewayawa, wato volatile ta yaren C. Wani bai saka ta ba inda ya kamata, wasu kuma sun saka ta suna zaton ta gama musu komai. Na ɗan taƙaita saƙonnin saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya Legas. Ni ɗalibi ne ina koyon C a Yaba amma a Agege nake zaune. Wlh wani abu ne ya ɗaure min kai tun shekaranjiya. Na rubuta ɗan ƙaramin firogiram da yake ta zagaye yana lissafi, inaso in na danna Ctrl+C ya tsaya a hankali ya nuna min inda ya kai. Na yi int tsaya = 0, fankishin ɗin da ke karɓar sigina yana mayar da shi 1, zagayen kuma while (!tsaya) ne. In na haɗa shi da gcc haka kawai lafiya lau yake aiki, amma da na ƙara -O2 shikenan sai ya ƙi tsayawa sai na buɗe wata taga na kashe shi da kill -9. Abin mamaki kuma in na saka printf a cikin zagayen sai ya dawo daidai. Gcc ɗina ne ya lalace ko laftof ɗin ce, don tokumbo ce na saya a Ikeja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Laftof ɗinka lafiyarta ƙalau, gcc ma babu abin da ya same shi, abin da ka rubuta masa shi ya bi, kai ne dai akwai labarin da baka ba shi ba. Bari in ɗauko maka daga tushe.

Farosesa tana da wasu 'yan ƙananan ma'ajiyai a jikinta da ake kira rajista, su ne aljihunta, shi kuma memori kamar sito ne a bayan shago, zuwa can da dawowa yana cin lokaci. In ka ce wa kompaila, wato manhaja irin gcc da ke juya rubutunka na C zuwa yaren na'ura, -O2 to ka ba shi izini ne ya rage zirga-zirgar zuwa siton nan iya yadda zai iya. Sai ya kalli zagayenka ya ce to ga tsaya, daga farkon zagayen nan har ƙarshensa babu layi ko ɗaya da ke taɓa shi, babu wani fankishin da ake kira a ciki balle a ce shi zai taɓa, to me zai sa in riƙa komawa sito ina leƙawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya? Sai ya duba sau ɗaya tak kafin a shiga, ya ga 0, daga nan ya mayar da zagayen ɗaki mara ƙofa. Kai kuma ka danna Ctrl+C, taminal ta aiko da sigina, wato ɗan saƙon da ke katse firogiram yana tsakiyar aiki, mai suna SIGINT wadda lambarta 2, mai karɓar siginarka ya tashi ya rubuta 1 a memori yadda ka tsara, rubutun ya shiga, sai dai babu mai komawa ya karanta.

Ka san ɗan jan kwan nan da ake maƙalawa a bango kusa da canjoba a gidajen haya, wanda ke kamawa in an dawo da wuta. Ka ce wa yaro in ya ga ya kama ya kashe janareta, yaro ya leƙa sau ɗaya da magariba ya ga kwan a mace, ya koma ɗaki ya riƙe a ransa cewa babu wuta. Ƙarfe tara aka kawo wuta, kwan na can yana ci, janareta na ta shan mai har asuba. To haka -O2 ya yi da tutarka, wato tsaya.

Maganin shi ne ka rubuta ta haka:

volatile sig_atomic_t tsaya = 0;

Kalmar volatile ta shiga ƙa'idar C ne a 1989 lokacin da ANSI ta fitar da ƙa'idar farko ta yaren, shi yaren kansa Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs wajen 1972. Abin da take faɗa wa kompaila bai wuce wannan ba: abin nan yana iya canzawa ba da saninka ba, duk inda na ce karanta to ka je ka karanta na gaske, duk inda na ce rubuta ka rubuta na gaske, kar ka riƙe min a aljihu. Iyakarta kenan fa, ka riƙe wannan da kyau don za mu dawo kansa.

Shi kuma sig_atomic_t a signal.h yake, nau'in lamba ne da aka lamunce maka cewa karanta shi ko rubuta shi taɓawa ɗaya ce, sigina ba za ta faɗo a tsakiya ta same shi rabi sabo rabi tsoho ba. A Linux mai glibc, wato laburaren C da yawancin Linux ke amfani da shi, int ne kawai aka canza wa suna, shi ya sa za ka ga wasu na rubuta volatile int kuma yana musu aiki, amma ni bana son ɗalibi ya saba da haka don gobe za ka iya tsintar kanka a kan wani guntu da int ɗinsa ba a taɓawa ɗaya ake ɗauka ba, ka duba tambaya ta uku ka gani. Kuma ƙa'idar ba ta yi maka alƙawarin ya fi daga -127 zuwa 127 ba, ko 0 zuwa 255 in mara alamar ragi ne, saboda haka tuta ce ta ɗagawa da saukewa, ba wurin tara lissafi ba.

Batun printf kuma da ka ce yana gyarawa, bai gyara komai ba, rufa maka asiri kawai ya yi. Kompaila baya ganin cikin printf, to tunda bai san me ke faruwa a can ba dole ya ɗauka wataƙila an taɓa tsaya, sai ya sake karantawa bayan kowane kira. Ranar da ka cire wannan layin matsalar na nan inda ka barta. In kana so ka gani da idonka ka yi gcc -O2 -S ka buɗe fayil ɗin da ya fito mai ƙarewa da .s, ka nemo zagayen, za ka ga jmp yana komawa baya babu inda ake sake ɗauko tsaya, sannan ka saka volatile ka sake, ka jera su biyun. Gaskiya ranar da na fara yin wannan kwatancen ne na fahimci me kompaila yake yi da abin da muke rubutawa, kuma ina so kowane mai koyon C ya yi shi ko sau ɗaya ne.

Abu na ƙarshe, ka bar signal() ka koma sigaction(). Halin signal() ya bambanta tsakanin tsofaffin gidajen Unix, a System V da an karɓi sigina sau ɗaya sai mai karɓar ya sauka a koma yadda ake da, a BSD kuma yana nan daram, kai ko a Linux ɗinka ɗaya tilo in ka haɗa da -std=c99 halin zai iya juyawa. Da sigaction kai ne ke faɗin abin da kake so ƙarara.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni a Idi-Araba nake, ina aiki da wani ƙaramin kamfani a tsibiri, muna da wani firogiram na C da ke gudana a saba dare da rana yana karɓar saƙonni. In aka aiko masa da SIGHUP yana sake karanta fayil ɗin saitinsa, in SIGTERM ce kuma ya rubuta a log ya saki memori ya fita, duk a cikin mai karɓar siginar nake yin waɗannan da fprintf da malloc da free. Yawanci lafiya lau, amma wani lokaci bayan sati biyu ko uku sai kawai ya sandare, bai mutu ba kuma baya amsawa, sau ɗaya kuma ya faɗi da SIGSEGV. Na bi duk baryabul ɗin da yake taɓawa na saka musu volatile amma bai daina ba. Oga ya fara min kallon ban san aikina ba, dan Allah a taimaka.

AMSA: Amin 'yar'uwa, na gode. Kin san aikinki, wannan ramin manyan da suka fi mu shekaru a harkar ma sun faɗa, zan ba ki labarinsu yanzu. Amma dai gaskiya volatile ba za ta taɓa warkar da wannan ba ko kin saka ta a kowane layi, don ciwon ba na karatu da rubutu ba ne, na lokaci ne.

Sigina ba ta sallama. Firogiram yana tsakiyar duk abin da yake yi za a dakatar da shi a tura shi cikin mai karɓar, in ya gama a dawo da shi daidai inda ya tsaya. Yanzu ki ɗauka lokacin da SIGHUP ta iso babban firogiram ɗin yana tsakiyar malloc. Shi malloc yana da littafinsa na lissafi, wane yanki na memori aka bayar, wane ne ke zaune, kuma a daidai wannan ɗan lokacin ya goge wani layi bai kai ga rubuta sabon ba. Sai ga mai karɓarki ya shigo shi ma ya kira malloc ko free. Abu biyu ne, ko dai ya tarar da kwaɗo a ƙofa, wanda malloc na farko ya rufe don kar wani zaren, wato wani layin aiki na firogiram ɗin da ke gudana tare da shi, ya shigo masa, sai ya zauna jiran a buɗe, alhali mai mabuɗin shi ne wanda aka dakatar kuma ba zai motsa ba sai mai karɓar ya gama, to kin ga sandarewar da kike gani kenan. Ko kuma babu kwaɗon ya shiga ya yi rubutu a kan littafin da ke rabi da rabi, lissafi ya dagule, firogiram ya ci gaba kamar ba komai sai can gaba ya faɗi a wani wuri da ba ruwansa, ga SIGSEGV ɗinki nan. Shi ma fprintf yana da rumbunsa na haruffan da bai riga ya fitar ba, kuma yakan kira malloc a ɓoye. Dalilin da ya sa sai an yi makonni kuwa, tagar ƙarama ce ƙwarai, sai siginar ta dace da ita.

Ki tuna mai awon shinkafa a Mile 12, yana cikin ƙirga mudu na goma sha bakwai a buhun wani, wani ya zo ya ce Alhaji ana kiranka a waya. In ya ce to na ji, ya ƙarasa awonsa sannan ya je, babu abin da ya ɓaci. In kuwa mai kiran ne ya karɓe mudun daga hannunsa ya fara auna wa wani daban a cikin buhun nan ɗaya, to ranar akwai rigima.

Ga labarin manyan. Ranar 1 ga Yulin 2024 masu bincike na kamfanin Qualys suka bayyana wata ɓaraka a OpenSSH, wato manhajar da kusan duk mai saba yake shiga sabarsa da ita daga nesa, aka ba ta lamba CVE-2024-6387 aka kuma yi mata laƙabi da regreSSHion. In mutum ya haɗu da sabar bai gama shiga ba har lokacin da aka ɗiba ya cika, wanda a saitin asali daƙiƙa 120 ne, sai siginar agogo SIGALRM ta tashi, mai karɓarta kuma ya kira syslog() don ya rubuta abin da ya faru, shi kuma syslog() a glibc yana kiran malloc da free. Kin ga daidai abin da kike yi ne. Masu binciken suka nuna cewa mai haƙuri da ya yi ta gwadawa na sa'o'i zai iya saita siginar ta faɗo a tsakiyar malloc har ya kai ga gudanar da nasa umarnin a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan sabar, ba tare da kalmar sirri ba. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne an taɓa toshe irin wannan ɓarakar tun 2006, sai wani gyara da aka yi a 2020 ya dawo da ita ba da niyya ba, ta fito a 8.5p1, ba a sake rufe ta ba sai a 9.8p1. Mutanen da ke rubuta OpenSSH suna cikin masu taka-tsantsan na ƙarshe a duniyar nan, amma kiran log guda ɗaya a wurin da bai dace ba ya ishe su.

To me ya halatta a ciki? POSIX, wato ƙa'idar da gidajen Unix ke bi, ta jera fankishin ɗin da aka yarda a kira daga mai karɓar sigina, ki buga man 7 signal-safety a taminal ki karanta da kanki. Akwai write, akwai read, akwai _exit mai ɗan layi a gaba, akwai kill da sigaction. Babu printf da danginsa, babu malloc, babu free, babu syslog, babu exit mara layi don shi yana bin rumbunan stdio yana zazzagewa. Ita ƙa'idar C zalla ma ta fi haka tsauri, kusan abin da ta bar miki shi ne ki rubuta a volatile sig_atomic_t ki fita.

Shawarata ki kwashe komai daga cikin masu karɓar nan, ki bar wa kowanne layi ɗaya, na SIGHUP ya ɗaga tutar sake karatu, na SIGTERM ya ɗaga tutar fita. Babban zagayen ne zai riƙa duba tutocin a wurin da ya san hannunsa babu komai, shi zai karanta saitin, shi zai rubuta log, shi zai saki memori. Amma akwai wani ɗan tarko a nan da sai kin kula: zagayen ya duba tuta ya ga babu komai, kafin ya shiga select ko poll ya kwanta jiran saƙo sai siginar ta faɗo a wannan ɗan tsakanin, tuta ta tashi, shi kuma ya riga ya wuce ta ya je ya kwanta, ba zai gani ba sai wani saƙon ya tashe shi, in dare ne babu masu aikowa sai ya kai safe. Saboda wannan aka yi pselect da ppoll, kina toshe siginar tukuna, su kuma su buɗe ta su kwanta a taki ɗaya. Ko ki yi tsohuwar dabarar nan ta bututu, ki buɗe pipe, mai karɓar ya rubuta bayit ɗaya a ciki da write, ɗayan bakin kuma yana cikin abubuwan da poll ke jira, ki dai tabbatar kin sa bututun a yanayin da baya tsayawa jira in ya cika. Tunda Linux kuke, signalfd ma na nan tun kanel 2.6.22 na 2007, da shi sigina ke zama kamar fayil da ake karantawa, babu mai karɓa ma gaba ɗaya, ni shi na fi so a irin aikinku.

In kin zaɓi bututun, ki adana errno, wato baryabul ɗin da ke riƙe lambar kuskure, a farkon mai karɓar ki mayar da shi kafin ki fita, don write na iya canza shi babban firogiram ya dawo ya karanta kuskuren da ba nasa ba. Kuma kar ki yi lissafi da yawan siginoni, na gargajiyar ba sa bin layi, in SIGHUP uku suka zo lokacin da take toshe ɗaya za ki gani.

TAMBAYA: Injiniya ina gaisuwa. Babanmu yana da bohol a Agege masu ruwa suna zuwa da kura suna cika jarkoki, kullum ana musu a kan adadi, sai na ce bari in haɗa mita da Arduino Uno da sensa YF-S201. Na haɗa ta a fin na 2 da attachInterrupt, duk bugu ɗaya ina yin bugu++ kuma na saka volatile int kamar yadda na gani ana yi. Matsala biyu ce, wajen jarka ta uku sai lambar ta koma da alamar ragi, sannan jefi-jefi allon yakan nuna wata lamba da ba ta da kan gado sai kuma ta dawo daidai. Baba ya fara cewa a koma ƙirga da alli.

AMSA: Ina amsawa ɗan'uwa, kuma aikin nan ya burge ni, a ce wa Baba ya ƙara mana haƙurin sati ɗaya. Intarof a Arduino ƙanin sigina ne, halinsu ɗaya, yana faɗowa ne duk lokacin da ya ga dama, don haka volatile ɗin da ka saka daidai ne, kar ka cire.

Ta farkon lissafi ne kawai. Guntun da ke kan Uno irin naka ATmega328P ne, int ɗinsa bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Sensar nan tana bada bugu wajen 450 a kowace lita, jarka mai lita 25 kenan bugu 11,250, jarka biyu 22,500, kafin ta ukun ta cika ka haure iyaka, shi ya sa kake ganin ragi a daidai wurin da ka faɗa. Ka mayar da shi volatile unsigned long, shi bit 32 ne yana kaiwa 4,294,967,295, sama da lita miliyan 9 kenan.

Ta biyun ita ce mai daɗin bayani. Guntun nan bit 8 yake ɗauka a lokaci ɗaya, wato bayit ɗaya, to lamba mai bayit biyu sai ya yi sawu biyu kafin ya kwaso ta. Ka ɗauka bugu yana 255, bayit na ƙasa cike yake, na sama 0. Babban zagayen ya ɗauko na ƙasa ya riƙe 255, kafin ya miƙa hannu ga na sama ruwa ya juya farfelar sensa, intarof ya shigo ya mayar da lambar 256, wato na ƙasa ya koma 0 na sama ya zama 1, aka dawo, zagayen ya ɗauko na sama ya samu 1 ya haɗa da tsohon 255 ɗinsa, sai ga 511 a allo, lambar da ba a taɓa yi ba. Volatile ta cika aikinta, an je memori an karanta na gaske, sai dai ba ta taɓa cewa za ta tsare maka ƙofa tsakanin sawu na farko da na biyu ba. Kuma ka lura da ka koma unsigned long sawu huɗu za a riƙa yi, tagar ta ƙara faɗi, saboda haka gyaran farko ba ya tafiya sai da na biyu:

noInterrupts();
unsigned long kwafi = bugu;
interrupts();

Daga nan duk lissafin lita da kuɗi da rubutu a allo da kwafi za ka yi, kar ka sake taɓa bugu. In kana mayar da shi 0 bayan kowane mai kura, to a tsakanin layukan nan biyu za ka yi, tare da kwafin. Kar ka ji tsoron bugu zai ɓace a ɗan rufewar nan, guntun yana gudu a megahaz 16, sensar kuma ko ta kai ƙarshen ƙarfinta na lita 30 a minti bugu 225 ne a daƙiƙa, kuma in ɗaya ya zo ƙofa na rufe ana ajiye masa alama, da an buɗe zai shiga. Abin da zai sa ka yi asara shi ne ka daɗe a rufe har biyu su taru. Saboda haka dai cikin fankishin ɗin intarof kar ka saka Serial.print ko rubutun allo, delay() kuwa ba ya ma aiki daidai a can don agogon da yake dogara da shi da intarof yake tafiya, su kuma a rufe suke muddin kana ciki. bugu++ kaɗai ya isa.

Sannan 450 ɗin nan kar ka ɗauke shi kamar yankan wuƙa, yana ɗan motsawa da ƙarfin ruwa da yadda ka ɗaura sensar. Ka samu jarka ɗaya da kowa ya yarda da ita, ka cika ta sau biyar a gaban masu ruwan, ka rubuta bugun kowane cikawa ka ɗauki matsakaici, su ma hankalinsu zai fi kwanciya da mitar da aka gwada a idonsu. In kana so jimillar rana ta tsira in an ɗauke wuta ka ajiye a EEPROM, wato ɗan memorin guntun da ba ya gogewa in babu wuta, amma bayan kowane ciniki ba kowane bugu ba, don kowane gurbi rubutu wajen 100,000 aka yi masa alƙawari.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, ni daga Java na dawo C++, a Obalende nake. Zare biyu ne ke taɓa lamba ɗaya, in na saka volatile ya wadatar kamar a Java?

AMSA: A'a ɗan'uwa, suna ne kawai ya zo ɗaya. A Java tun fitowar Java 5 a 2004 volatile tana ɗauke da alƙawarin cewa abin da wani zare ya rubuta kafin ya taɓa ta ɗayan zai gan shi a jere yadda aka yi. Ta C da C++ ba ta da wannan alƙawarin ko kaɗan, da kompaila kaɗai take magana, shi ma a kan wannan baryabul ɗin kaɗai, ba ta hana shi matsar da sauran rubuce-rubucen da ba volatile ba gaba ko baya, ba ta kuma hana farosesa mai ƙwaƙwalwa da yawa sake jerin abubuwa. Tun 2011 aka ba mu kayan aikin da suka dace, std::atomic a C++11, _Atomic da stdatomic.h a C11, in kuma abin ya wuce lamba ɗaya ka sa mutex, wato kwaɗon da ke barin zare ɗaya kaɗai ya shiga a lokaci ɗaya. Masu kanel ɗin Linux har takarda suka ajiye a cikin bayanansu suna gargaɗin kar a riƙa amfani da volatile a madadin kwaɗo. Inda take da gurbi na gaskiya shi ne rajistocin na'ura da ke canzawa da kansu, da tutar sigina ko intarof irin na 'yan'uwanmu na sama, da baryabul na cikin fankishin da aka canza tsakanin setjmp da longjmp.

Ko a Javar ma ai i++ a kan volatile ba ta tsira ba, don aiki uku ne a dunƙule, ɗauko, ƙara, mayar, zare biyu na iya ɗauko 40 tare kowa ya mayar da 41. Ka gwada da daren nan, ka yi volatile int, ka tada zare biyu kowanne ya ƙara 1 sau 1,000,000, ka buga jimilla ka maimaita sau goma, sannan ka canza shi zuwa std::atomic<int> ka sake. Ka turo min lambobin da ka samu a duka biyun da sunan farosesarka, zan saka su a fitowa ta gaba in sha Allah.